ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI, LIKITAN DA YA SA WA SAKIYA DA LALAS DOKA

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Babu Bahaushen da zai ce bai san sakiya ba. In ba a taɓa yi masa ba, to, ya ga an danne wani a maƙera ko a rumfar wanzami, an sa kibiya a wuta har ta yi ja, an soka masa a kumburi don mugunya ta fita. Haka nan lalas, watau ɗora ƙarfe mai zafi a kan gaɓar da ke ciwo, ta mutum ko ta dabba. Da yawa cikin 'yan'uwanmu masu neman abinci a Ikko da Ibadan da Shagamu da Anacha da Fatakwal suna ɗauke da tabon wannan aiki a gwiwa ko ƙugu ko kafaɗa, wasu tun na ƙuruciya, wasu kuwa na zuwansu ganin gida. To, yau za mu kawo muku tarihin wani mutum wanda ya zauna, shekara dubu da 'yan kai da suka wuce, ya rubuta babi 56 a kan wannan aiki kaɗai, ya faɗi inda ake yinsa da inda ba a yi, da kuma irin mutumin da ya cancanta ya riƙe ƙarfen.

Sunansa Abul Ƙasim Halaf ɗan Abbas az-Zahrawi. An haife shi wajen shekarar 936 a ƙasar Andalus, watau Sipaniya ta zamanin mulkin Musulmi. A wannan lokaci ne Halifa Abdurrahman na Uku ya soma gina wani sabon birni na sarauta, Madinatuz Zahra, kimanin mil biyar yamma da Ƙurɗuba, kuma da sunan wannan birni ake yi wa likitan laƙabi. Wanda ya san yadda aka tsiri Abuja a daji aka kwaso ma'aikatun gwamnati daga Ikko ba zai sha wuyar gane Madinatuz Zahra ba. Fadar halifa da gidajen waziransa da wurin buga kuɗi duk can aka mai da su, manya suka bi, masu sana'a suka bi manya. Ana kuma kiransa al-Ansari, don danginsa suna danganta asalinsu da mutanen Madina.

Ya tashi a lokacin da ilmi ke da daraja a Ƙurɗuba. Yana yaro ne Sarkin Rum na Kustantiniya ya aiko wa Abdurrahman kyautar littafin Diyoskoridis, wani tsohon likitan Yunanawa wanda ya tattara sunayen itatuwa da saiwoyi da amfaninsu. Da aka rasa mai karanta Yunananci sosai a birnin, sai aka aiko da wani malamin Kirista mai suna Nikola cikin 951, ya zauna da likitocin fada, cikinsu har da Bayahuden nan Hasdai ɗan Shafrut, suka yi ta bin sunayen magungunan ɗaya ɗaya suna gano su a cikin itatuwan ƙasarsu. Da Abdurrahman ya rasu a 961, ɗansa Hakam na Biyu ya gaje shi, shi kuwa mayen littattafai ne, har marubuta tarihi suka ce ya tara littafi wajen 400,000. A fadar wannan halifa aka ce Zahrawi ya yi aikin likita.

Bayan ya yi kusan shekara 50 yana duba marasa lafiya, wajen shekarar 1000, ya kammala babban littafinsa, At-Tasrif. Kashi 30 ne. Akwai bayanin cututtuka tun daga kai har ƙafa, da haɗa magunguna, da abincin majiyyaci, har da turare da kayan gyaran jiki. Amma kashi na ƙarshe, na aikin fiɗa, shi ne ya fitar da sunansa duniya, domin a ciki ya zana hoton kayan aiki kusan 200, wuƙaƙe da almakashi da hantsaki da ƙarafan lalas iri iri, yadda maƙeri zai duba ya ƙera. Ya raba wannan kashi gida uku: na farko aikin wuta, na biyu yanka da huda da ƙaho da ɗinkin rauni, na uku ɗori. Mai karatu zai lura cewa wannan rabo bai yi nisa da namu ba, inda wanzami da maƙeri da maɗori kowa ke da nasa fanni. Bambancin shi ne Zahrawi ya haɗa su duka a hannun mutum ɗaya, ya kuma ce lalle wannan mutum ya fara sanin yadda Allah ya shirya jikin ɗan Adam kafin ya taɓa kowa.

Ga almajiransa ya rubuta littafin, yana kiransu 'ya'yansa, kuma tun a gabatarwa ya nuna musu ɓacin ransa. Ya ce aikin hannu ya lalace a ƙasarsu, ya faɗa hannun jahilai, ya kuma kawo abin da ya gani da idonsa. Wani ya tsaga kumburi a wuyan wata mace, ya yanke jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Wani ya ce zai cire wa wani tsoho babban dutse daga mafitsara, ya fizgo har da tsokar mafitsarar, tsohon bai wuce kwana uku ba. Shi Zahrawi an riga an kira shi ga wannan tsoho ya ƙi, don ya ga girman dutsen da halin mai shi. Wani kuma, mai cin albashi a gidan wani babban hafsa, ya ɗaure wa wani yaro karayar ƙafa tamau a kan rauni, ya bar shi kwanaki, har ƙafar ta kumbura ta soma ruɓa. Wannan na ƙarshe, duk wanda ya taɓa zama a asibitin ƙashi na Dala a Kano ko na Igbobi a Ikko ya ga irinsa, ko da yake shekara dubu ke tsakani.

To, mu zo ga batun wuta, wanda shi ne ya tara mu. A zamaninsa hanya biyu ce ake ƙona fata don magani: ko dai da ƙarfe, ko kuwa da magani mai cin nama. Zahrawi ya zaɓi ƙarfe. Dalilinsa shi ne wuta tana tsayawa inda aka sa ta, amma magani mai ci yana iya yaɗuwa ya ɓata naman da ba a nufa ba. Mutanen da suna ganin ƙarfen zinariya ya fi, saboda darajarsa. Shi ya ce baƙin ƙarfe ya fi, domin in ka sa zinariya a wuta ba za ka gane iyakar zafinta ba tun da can ma ja ce, ga ta da saurin hucewa, in kuwa ka matsa mata wuta ta narke. Wannan magana ta wanda ya tsaya gaban murhu ce, ba ta mai karatun littafi kaɗai ba. Haka kuma na da sun ce akwai lokacin shekara da ya fi dacewa da lalas. Shi ya ce ciwo mai tsanani ba ya jiran lokaci, a yi duk sa'ad da bukata ta kama.

Amma fa bai sake wa kowa hannu ba. Kafin a ɗauko ƙarfe, sai an gwada shan magani da shafawa da gyaran abinci sun kasa. Akwai wata magana da ta shahara a bakin mutane wadda ke nuna cewa wuta ita ce ƙarshen magani, jama'a kuma suna ɗaukarta a kan cewa wanda aka yi wa lalas ya warke ke nan har abada. Ya ce ba haka ba ne: ma'anarta ita ce ba a zuwa ga wuta sai sauran dabaru sun ƙare, kuma ciwo yana iya dawowa bayanta kamar yadda yake dawowa bayan kowane magani. Wannan ya yi daidai da matsayin malaman addini. Hadisai sun ambaci lalas tare da zuma da ƙaho cikin abubuwan da ake samun waraka, amma kuma sun nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son a riƙa yinsa, ko da yake an yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu da Ubayyu ɗan Ka'abu sa'ad da suka yi rauni. Malamai suka haɗa su a kan cewa abu ne na larura.

In an tabbata za a yi, sai a sa wa wurin alama da tawada tukuna, don kada hannu ya kauce. Kowane ciwo da siffar ƙarfensa, wani mai kai kamar ƙwallon zaitun, wani kamar ƙusa, wani kamar wuƙa, wani da'ira. Kowane wuri kuma da iyakar zurfin da za a kai. A babin ciwon jijiyar nan da ke tasowa daga ƙugu ta bi cinya har dunduniya, wadda Larabawa ke kira irƙun nasa, wadda kuma ke addabar 'yan dako da 'yan ga-ruwa da direbobin manyan motoci, ya yi kashedi mai ƙarfi kada wuta ta wuce kaurin fata ta taɓa jijiya. Ya ba da labarin wanda ya gani an yi wa lalas a saman dunduniya aka zarce, ƙafar ta kumbura ta ruɓe, daga baya mutumin ya mutu.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan sashe shi ne irin ciwon gaɓɓan da ya yarda a sa wa wuta. Likitocin zamaninsa suna raba cuta zuwa mai zafi da mai sanyi, mai danshi da busasshiya. Da ya zo babin ciwon gaɓɓai da niƙris, watau ciwon nan mai kama babban yatsan ƙafa, sai ya ajiye lalas ga ciwon da sanyi da danshi suka haddasa, wanda kuma ya gagari magani. Mu ma haka muke cewa, sanyi ya kama wane, ko sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓɓai. Ciwon da asalinsa zafi ne tsantsa, tun a farkon littafin ya ware shi daga aikin wuta. Ilmin yau ya bar wancan rabo na zafi da sanyi, amma a nan ya tarar da tsohon yana da gaskiya: gaɓar da ta yi ja, ta kumbura, ta ɗauki zafi, ba wurin ƙara zafi ba ce.

A cikin wannan babi na ciwon ƙugu ya kawo wata dabara da ya ɗauko daga Diyoskoridis, wadda ba ta bukatar ƙarfe ko kaɗan. Ana jiƙa ulu da mai, a sa shi a ɗan kwarmin nan da ke gindin babban yatsan hannu, sa'an nan a kunna busasshen kashin akuya a ɗora a kai, in ya mutu a sake wani, har majiyyaci ya ji zafin ya kai masa ƙugu. A wani babin kuma, na ciwon haƙarƙari, ya ambaci yadda na da ke tsoma wata saiwa a mai su kunna ta su ƙona wurin. Ke nan ban da ƙarfe, duniya ta daɗe da sanin ɗora wani abu mai ci a hankali a kan fata. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni kuwa su ne mutanen Sin, kuma tun da a yanzu maganinsu na gargajiya ya bazu ƙasashe da dama, ya kamata mu ɗan tsaya a kansu.

Su Sinawa wani ganye suke amfani da shi, ɗan'uwan tazargaden nan da ya yi tashe a Kano lokacin cutar korona cikin 2020, dangi ɗaya suke. Sukan shanya shi, su ajiye ya daɗe, su daka har ya yi laushi kamar auduga, sa'an nan su murza shi ƙanana su ɗora a wasu sanannun wurare na jiki su kunna. Wani lokaci a kan fata kai tsaye, wani lokaci a kan yankan citta ko tafarnuwa ko gishiri, a yau kuwa an fi naɗe shi kamar babbar sigari a riƙe kusa da fata ba tare da an taɓa ba, sai ɗumi kawai. Tsohon abu ne ƙwarai: cikin 1973 an tono wasu rubuce-rubuce a kan siliki masu bayaninsa daga wani kabari a Mawangdui, wanda aka rufe tun shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Turawa kuwa sun san shi ta hannun wani limamin Kirista ɗan Holan, Herman Buschoff, wanda niƙris ya addaba shekara da shekaru a Batabiya, watau Jakarta ta yau, har wata mata 'yar yankin Biyetnam ta ƙona masa ganyen a ƙafa ya sami sauƙi. Littafinsa ya fito a Amsterdam cikin 1675, daga nan sunan moksa ya shiga bakin Turawa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan aiki, tare da na soka allura, cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin mamaki, su ma malaman Sin ga ciwon sanyi da danshi suka fi ba da shi, suna kuma kaffa-kaffa da shi a ciwo mai zafi.

Likitocin zamani sun gwada moksa, musamman a Sin da Koriya, a kan masu ciwon gwiwa na lalacewar guringuntsi. Wasu gwaje-gwajen sun nuna raɗaɗi yana raguwa, amma masu bin diddigi sun ce da yawansu ƙanana ne kuma ba a tsara su da kyau ba, illar da aka fi samu kuwa ita ce ƙuna da bororo, ga hayaƙi. A ganina abin da za a ɗauka a nan bai wuce abin da kakanninmu suka sani game da gashi da ruwan ɗumi ba: ɗumi yana sassauta tsohon ciwo da sagewar gaɓa, amma ba ya mai da guringuntsin da ya cinye, ba ya kuma fitar da gishirin da ke taruwa a gaɓar mai niƙris.

Ga 'yan'uwa mazauna kudu, inda ruwan sama da raɓa da aikin ƙarfi suka haɗu, kuma ganin likita ke cin yinin aiki ɗungum, akwai wuraren da dokar Zahrawi ta fi shafa. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga cikin gaɓar, kuma 'yan kwanaki sun isa ta lalata ta. Ciwon baya mai tafiya da rama da gumin dare yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Mai ciwon sukari sau da yawa ba ya jin zafi sosai a ƙafa, ƙuna kaɗan sai ta zame masa gyambon da zai kai ga yanke ƙafar. Mai sikila ma gyambonsa ba ya saurin warkewa. Ga kuma cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, wadda ke shiga ta raunin da aka shafa wa ƙazanta. Sakiya asalinta don fitar da mugunya ce, kamar yadda aka riƙa yi wa masu kurkunu kafin a tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. In ba mugunya, sai azaba kawai, shi ya sa in Bahaushe zai yi wa wani mugun alkawari yakan ce zai yi masa sakiyar da babu ruwa. Yau a nan Abuja akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa a Idu, wadda aikinta ya haɗa da auna magungunan gargajiya, amma hannun mai riƙe da kibiya a Zuba ko Dei-Dei ko Agege, har yanzu sai dai majiyyaci ya auna shi da kansa.

Babi na 56, na ƙarshe a sashen wuta, a kan tsai da jini ne. Ya lissafa hanya huɗu: a ƙone bakin jijiyar, ko a ƙarasa yanke ta don ta tsuke, ko a ɗaure ta da zare, ko a sa magani mai tsai da jini a danne. Cikin dukkan aikin wutar da ya rubuta, wannan ne ya rayu sosai. Cikin 1926 wani masanin kimiyya, William Bovie, da wani likitan ƙwaƙwalwa, Harvey Cushing, suka shigo da na'urar lantarki mai ƙone bakin jijiya a Amurka, kuma irinta ce likitoci ke aiki da ita a ɗakunan tiyata na manyan asibitocinmu. Sauran fannonin da ya yi fice ba za mu iya binsu duka ba. Ya yi ɗinkin hanji da zaren da aka yi da hanjin dabba, ya bayyana wani dangi da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, ya rubuta yadda ake ciro dutse daga mafitsara, ya koyar da ungozomomi. Game da ciwon daji da ya yi nisa kuwa, ya faɗa a fili cewa shi bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin tashin hankali. Bayan rasuwar Hakam a 976, iko ya koma hannun waziri Mansur, wanda ya sa aka ƙone wani sashe na littattafan fada. Mansur ya rasu a 1002, yaƙin basasa ya ɓarke a 1009, a 1010 sojoji suka washe Madinatuz Zahra suka sa mata wuta. Birnin da aka soma ginawa sa'ad da aka haifi Zahrawi ya zama kufai yana da sauran rai. Ya rasu wajen 1013, daidai da 404 bayan Hijira, shekarar da aka afka wa Ƙurɗuba kanta. Malam Ibn Hazm, wanda yake saurayi a lokacin, ya sa sunansa cikin manyan likitocin Andalus, almajirinsa Humaidi kuma ya rubuta shi cikin littafinsa na mutanen ƙasar.

Littafin bai tafi da birnin ba. Cikin ƙarni na 12 Jerad na Kiremona ya juya sashen fiɗa zuwa Latin a Toledo, Turawa suka mai da sunan marubucin Albucasis, suka yi ta karanta shi a makarantun likita na Italiya da Faransa ƙarni bayan ƙarni. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambace shi kusan sau 200 a littafin da ya gama a 1363. A ƙasar Turkiyya wani likitan Amasya, Sharafuddin Sabunjuoglu, ya juya shi zuwa Turkanci a 1465, ya ƙara masa hotunan likita da majiyyaci, da yawansu na lalas ne. An buga shi da Larabci da Latin a Okisfod cikin 1778, fassarar Turanci ta Spink da Lewis kuma ta fito a 1973. Masu tonon kayan tarihi sun soma haƙa kufan Madinatuz Zahra a 1911, a 2018 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, a tsohon garin Ƙurɗuba kuwa akwai wani ɗan siririn titi da ake kira Albucasis, ba nisa da babban masallacin da.